Cinikin Motar Alfarma Ta Hannu: Ina Farashin Gaskiya Yake?

Tun shekarar 1975, sa'ad da aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin albashin Udoji, kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, mota ta zama ma'aunin da jama'a ke auna ci gaban ma'aikaci da shi. A wancan zamani hanya a miƙe take. Ma'aikaci ya cika takarda, gwamnati ta ba shi rancen mota, ya nufi wurin wakilin kamfani ya ɗauko Fijo 504 sabuwa ful, kuɗinta sananne ne ga kowa, babu tayi babu albarka.

Wannan zamani ya shuɗe. Tun daga tsarin da Gwamnatin Tarayya ta fito da shi a shekarar 2003, na mayar da alawus-alawus na ma'aikata kuɗi a hannu, sayen mota ya koma wuyan ma'aikaci shi kaɗai. Sabuwar motar alfarma kuwa, irin su Marsandi da Lexus da Land Cruiser, ta fi ƙarfin albashi nesa ba kusa ba. Saboda haka babban ma'aikacin da ya ɗan tara abin hannu, ko wanda ya karɓi kuɗin sallama bayan shekara 35 yana aiki, sai ya karkata ga motar da ta yi shekara biyu ko uku a hannun wani, wadda idan an wanke ta an goge, ido ba ya bambanta ta da sabuwa. A nan ne mutum kan yi cinikin da ya fi kowane girma a rayuwarsa in ban da na gida, a kasuwar da ba ta da rubutaccen farashi, gaban mutanen da suka fi shi sanin hajar.

HIKIMAR SAYEN TA HANNU

Dalilin sayen motar da ta ɗan yi aiki dalili ne mai ƙarfi. A ƙasashen Turai da Amurka an saba ƙiyasta cewa sabuwar mota kan yi asarar wajen kashi 20 cikin 100 na darajarta a shekarar farko, manyan motocin alfarma kuwa da yawa daga cikinsu kan zubar da rabin kuɗinsu ko fiye kafin su cika shekara 5. Abin da ke jawo haka shi ne, mai kuɗin da ya sayi sabuwa don ya burge ne ya saye ta, da zarar kamfani ya fito da sabon samfuri sai sha'awarsa ta koma can. Mai saye na biyu kuma yana tsoron tsadar gyara, don haka ba ya taya ta da daraja. Watau mai saye na farko shi ne ya biya kuɗin ƙamshin sabunta, na biyu ya sami ƙarfen da ragi mai yawa.

To, amma fa wannan ragi ba ya isa hannun mai saye da kansa. Tsakanin ƙasar da aka ƙera motar da filin da aka baje ta a Kano ko Kaduna ko Abuja akwai hannuwa da yawa, kowane kuwa yana so ragin ya tsaya a aljihunsa.

Wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, George Akerlof, ya yi nazarin wannan kasuwa a wata maƙala da ya buga a shekarar 1970, wadda tana cikin ayyukan da suka sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2001. Amurkawa kan kira mota mai ɓoyayyen aibi lemun tsami. Akerlof ya nuna cewa tun da mai sayarwa ya san halin motarsa, mai saye kuwa bai sani ba, to mai saye ba zai yarda ya biya kuɗin ta ƙwarai ba, sai dai ya taya tsaka-tsaki. Mai motar ƙwarai ya ga tayin ya yi masa kaɗan, ya janye tasa. Mai lemun tsami ya ga ya yi masa yawa, ya sallama da sauri. Da haka miyagun motoci ke korar nagari daga kasuwa. Darasin da ke ciki ga mai saye shi ne, duk wahalar cinikin ta taru ne a rashin sani. Wanda ya rage tazarar sani tsakaninsa da mai sayarwa, ya yi rabin cinikin tun bai buɗe baki ba.

SANIN ASALIN MOTA

Motocin da ake kira "kusan sabuwa" ba asalinsu ɗaya ba. Akwai waɗanda aka shigo da su daga ƙetare bayan an yi amfani da su can, su ne ake kira Tokumbo a kudu, a Arewa kuma a ce Beljiyam ko 'yar Kwatano, saboda tashoshin jiragen ruwan da suka saba biyowa. Akwai waɗanda aka saya sababbi a nan gida, mai su ya hau shekara ɗaya ko biyu ya fitar. Akwai kuma kashi na uku, wanda ya fi kowane buƙatar lura: motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci su a Amurka, kamfanin inshora ya biya mai su ya karɓe, ya yi gwanjonsu ta kamfanoni irin su Copart da IAA. Irin waɗannan ana sayensu da araha, a gyara su a can ko a nan, a fesa fenti, a jera su cikin 'yan'uwansu masu lafiya. Guguwar Harvey da ta afka wa birnin Houston a shekarar 2017 ita kaɗai ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci. Motar da ruwa ya shiga kuwa tana iya tashi lafiya yau, bayan wata shida wayoyinta da kwamfutocinta su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Sayen motar da aka gyara ba laifi ba ne, in dai an faɗa wa mai saye, an kuma sayar masa da kuɗin gyararriya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Cutar ita ce a sayar masa da rariya a kuɗin ƙwarya.

Mabuɗin asalin mota shi ne lambar ƙirarta, wadda 'yan kasuwa ke kira lambar casis. Tun shekarar 1981 aka daidaita ta ta zama baƙaƙe da alƙaluma 17, kuma ba a sa baƙaƙen I da O da Q a cikinta, don kada su rikice da 1 da 0. Ana ganinta ta ƙasan gilashin gaba wajen direba, da jikin ginshiƙin ƙofa, da kuma takardun motar. Wajibi ne duka su zo ɗaya. Harafin farko yana nuna ƙasar da aka ƙera ta: J Japan, W Jamus, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka da Kanada, harafi na goma shi ke faɗar shekarar samfuri: K 2019, L 2020, M 2021, N 2022, P 2023, R 2024.

Wannan harafi guda ya isa ya ceci miliyoyin Naira. Sana'a ce sananniya a garejojin ƙasar nan a ɗauki tsohuwar Land Cruiser ko Lexus, a canza mata fuska da fitilu da bamba, ta fito da kamar samfurin da ta girme shi da shekara shida ko takwas a kasuwa. Fuska tana canzuwa, lambar casis kuwa tana nan da shekarar haihuwarta. Bugu da ƙari, da ɗan kuɗi kaɗan ana iya sayen tarihin motar Amurka ta intanet daga kamfanoni irin su Carfax ko AutoCheck, inda akan ga haɗarin da aka rubuta mata, da nisan tafiyar da ta yi, da ko inshora ta taɓa yanke mata hukuncin mutuwa. Sau da yawa ma idan an rubuta lambar a intanet, hotunan motar na ranar gwanjo kan fito, da gabanta a murƙushe. Mai sayarwar da ya ƙi bari a kwafi wannan lamba ya riga ya ba da amsa.

YADDA AKE LISSAFIN FARASHI

Farashin gaskiya ba sirri ba ne, lissafi ne da ɗalibin sakandare zai iya yi. Motar da aka shigo da ita kuɗinta ya ƙunshi abin da aka saye ta can, da kuɗin jirgi, da kuɗin fito, da ɗawainiyar tashar ruwa da kawo ta Arewa, sa'an nan ribar mai sayarwa. A shekarar 2022 Hukumar Kwastan ta tsayar da fiton motocin hannu a kan kashi 20 cikin 100, da ƙarin haraji na kashi 15, kuma a shekarar ce ta fara ƙiyasta darajar mota ta hanyar lambar casis. Harajin kayayyaki na VAT an ɗaga shi daga kashi 5 zuwa 7.5 a shekarar 2020. Waɗannan alƙaluma gwamnati kan sauya su, don haka mai saye ya tambayi na ranar cinikinsa wurin wakilin fito mai lasisi.

Alal misali, a ɗauka an sayi mota a Amurka Dala 30,000, kuɗin jigila da jirgi ya kama Dala 2,000, kuma a ɗauka Dala tana Naira 1,500. Ta iso Ikko ke nan a kan Naira miliyan 48. Bisa alƙaluman 2022, fito da haraji kashi 35 sun kama miliyan 16.8, jimla miliyan 64.8. VAT a kan wannan ya kusa miliyan 4.9. In an haɗa da ƙananan kuɗaɗen tasha da ladan wakili da kawo ta Arewa, a ce ta tsaya wa mai ita a kan miliyan 72. Ribar kashi 10 cikin 100 ta kai ta wajen miliyan 79. Wanda aka ce wa miliyan 95 ya san akwai miliyan 16 da ba su da bayani. Wanda kuma aka ce wa miliyan 55 shi ya fi cancanta ya ji tsoro, domin ɗan kasuwa ba ya faɗuwar miliyan 17 don ƙaunar baƙo. Ko dai ba a biya fito cikakke ba, ko motar gyararriya ce, ko kuwa ba ta mai sayarwar ba ce. Araha ba ta ado.

Faɗuwar darajar Naira ta ƙara rikita lissafin motocin da aka hau a gida. Kafin watan Yuni na 2023 Dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati; zuwa watan Fabrairu na 2024 ta haura Naira 1,400. Saboda haka motar da aka saya a 2022 tana iya fin kuɗin sayenta a Naira bayan shekara biyu, alhali kuwa ta tsufa. Abin da mai ita ya biya a da ba shi ne ma'auni ba, ko ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Ma'auni shi ne nawa za a kashe a sauke irinta, mai shekarunta da nisan tafiyarta, a wannan mako, sa'an nan a rage mata kuɗin wahalar da ta sha a hanyoyin ƙasar nan. Kamata ya yi kuma mai saye ya ji farashin irinta aƙalla a wurare huɗu ko biyar, har da kasuwannin Ikko, yana tunawa cewa kuɗin da ake rubutawa a talla kuɗin suna ne, ba na sallama ba.

TAKARDU KAFIN ƘARFE

Daga ranar 1 ga Janairu, 2017, Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, ta ce sai ta tashoshin ruwa. Hanin bai kashe fasa-ƙwauri ba, kuma takardun fito na jabu suna yawo. Motar da ba a biya mata fito ba Kwastan na iya kama ta a kan hanya ko shekara nawa ta yi, kuma a hannun wanda aka same ta take fita, ba a hannun wanda ya shigo da ita ba. Yawan irin waɗannan motoci ne ya sa a shekarar 2024 hukumar ta ba da wa'adin kwana 90 ga masu su, su je su biya. Don haka kada mai saye ya wadatu da ganin takarda. Ya kai lambobinta ofishin Kwastan a tabbatar masa cewa ta gaske ce, kuma ta wannan motar ce, da shekararta ta ainihi.

Akwai kuma batun sata. Motocin alfarma da ake sacewa a Kanada an sha gano su a Afirka ta Yamma, har a shekarar 2024 hukumomin Kwastan da EFCC suka miƙa wa hukumomin Kanada waɗansu da aka kama a ƙasar nan. Wanda aka sami motar sata a hannunsa ya yi asarar mota da kuɗi gaba ɗaya, ma'aikacin gwamnati kuma ya ƙara da zubewar mutunci. Motar da aka yi wa rajista a gida sai a bincika ta a ofishin rajistar motoci na 'yan sanda, a kuma ga mai ita ido da ido, sunansa ya dace da na takarda.

DUBA DA IDON GWANI

Ba a cinikin biri a sama. Mai saye ya zo da makanikinsa na kansa, wanda ya san irin wannan mota, ba wanda dillali ya nuna ba, ya kuma biya shi ladansa ko an yi ciniki ko ba a yi ba, don kada ya zama yana da riba a sallamawa. A duba mota da rana tsaka, a kuma tashe ta injinta na sanyi, domin inji mai ciwo da safe yake tari. A jona mata na'urar kwamfuta mai karanta lafiyar inji. A lura ko dukan fitilun gargaɗi suna kamawa sa'ad da aka murza makulli, su mutu bayan ta tashi. Fitilar da ba ta kama ba sam, wataƙila an kashe ta ne don a ɓoye cewa jakar iska ta taɓa fashewa ba a mayar ba.

Tazarar da ke tsakanin ƙofofi da murfin inji in ba ta daidaita ba, ko launin fenti ya bambanta daga ƙofa zuwa ƙofa, alamar gyara ce. Tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujera, da taɓo a ramin safiya taya, da warin rima a darduma, shaidar ruwa ne. A leƙa ƙasa a tabbata tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa tana nan, domin ana cire ta saboda ma'adinai masu tsada da ke cikinta. Taya ma tana da ranar haihuwa: alƙaluma huɗu ne a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, watau 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Agogon nisan tafiya kuwa ana iya mayar da shi baya, don haka a gwada abin da ya nuna da cinyewar sitiyari da fedar birki da kujerar direba, a kuma tuna cewa na Amurka da mil yake ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Har ila yau a kula da motocin da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, tun da ƙasar nan ta koma tuƙi a hannun dama a 1972. Irinsu ba su kai darajar na asali ba.

Duk aibin da aka gano a rubuta shi, a je Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, a ji kuɗin kayan gyaransa. Wannan takarda ita ce makamin mai saye a zaman ciniki.

ZAMAN CINIKI

Dillali tsohon ginshiƙi ne a kasuwancin Hausa, kuma dillalin kirki yana da amfani: ya san inda haja take, yana kuma tsayawa shaida. Illa dai a cinikin mota sau da yawa ba dillali ɗaya ba ne. Mai mota ya faɗi kuɗinsa, na farko ya ɗora nasa, na biyu ya ɗora, kafin magana ta iso kunnen mai saye ta yi ƙiba. Maganin wannan shi ne a yanke la'ada a fili tun farko, a san wanda zai biya ta, a kuma nace sai an zauna da mai motar.

Mai saye ya yanke wa kansa iyakar da ba zai wuce ba tun daga gida, kada kuwa ya faɗa wa kowa. Ya taya ƙasa da ita, tayi mai hujja, yana nuna lissafinsa da takardar gyara, ba tayin wulaƙanci da zai sa a ce albarka a juya masa baya ba. Kada ya nuna motar ta shiga ransa, kada kuma ya zo da iyali ranar farko su yi ta yabon kujeru. In an ce masa wani Alhaji na nan tafe da kuɗi kafin la'asar, ya sani wannan tsohuwar dabara ce. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani kan haramcin tayin ƙarya don a ruɗi mai saye, da na ɓoye aibin haja. Lokaci yana bayan mai saye, domin motar da ta daɗe a fili kuɗin mai ita ne ke kwance. Wanda ya iya yin sallama ya tafi, sau da yawa kafin kwana uku ake kiransa.

In an daidaita, a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar casis da ta inji, da nisan tafiya, da kuɗin da aka biya, da furucin mai sayarwa cewa an biya fito kuma motar ba ta da rigima, da sharaɗin mayar da kuɗi in aka sami saɓanin haka, shaidu su sa hannu. A biya ta banki zuwa asusun mai sunan da ke kan takarda. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da Naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, shaidar banki kuma ita ce za ta tsaya wa mai saye gaban alƙali.

KUƊIN RIƘO

Saura lissafi guda, wanda yawanci ake mantawa da shi. Garantin da kamfani ya ba mota a Amurka galibi ba ya biyo ta ƙetaren teku. Kayan gyaranta da Dala ake sayo su, ba su kuma rage tsada don motar ta tsufa. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, cika tankin da ke cin lita 90 ya zama magana babba. A farkon shekarar 2023 kuma hukumar kula da inshora ta tsayar da cewa cikakkiyar inshorar mota ba za ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajarta ba, watau motar miliyan 75 za ta ci miliyan 3.75 a shekara kafin ta taka ko'ina.

Saboda haka wanda ya zuba dukan abin da ya mallaka a ranar saye, ko da ya yi nasarar ciniki, bai gama lissafi ba. Kamata ya yi ya ware kuɗin riƙon shekara guda tukuna, abin da ya saura shi ne ainihin ƙarfinsa a kasuwa. In abin da ya saura bai kai kuɗin motar da yake so ba, ya sauko ga wadda ta fi ta ƙanƙanta ko ya ƙara haƙuri, domin motoci ba sa ƙarewa a kasuwa, kuɗin sallama kuwa sau ɗaya ake biyansa. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma ya yi dubu bai fito ba.